Gargaɗi: In Saukar Ƙaramin Jirgi Ta Ƙi Daidaita, A Fasa Ta

Wannan kira ne ga duk mai tuƙa ƙaramin jirgin sama, da ɗaliban da ke koyon tuƙi a Zariya da Ilori da malamansu, da manyan mutanen da ke saye ko hayar irin waɗannan jirage, har da jama'ar da gidajensu da gonakinsu ke bakin ƙananan filayen sauka. Hunturu na zuwa da hazo, bazara da zafi da guguwa, farkon damina kuma da iskar da ke yaye rufin kwano. Kowanne cikinsu yakan riski ƙaramin jirgi a lokacin da ya fi rauni, wato 'yan mintunan ƙarshe kafin tayoyinsa su taɓa ƙasa. A waɗannan mintuna ne jirgi mai lafiyayyen inji, da mai a tanki, da titin sauka shimfiɗe a gabansa, yake ƙwace wa matuƙinsa.

Jiragen da ake magana a kansu su ne masu farfela ɗaya ko biyu, irin su Cessna 172 da Diamond DA40 da Tampico da ake koyo da su, da Caravan da King Air da ke ɗaukar 'yan siyasa da 'yan kasuwa. A cikinsu akwai masu feshin jan baki a gonakin shinkafa da gero, da masu kai likitoci da kayan agaji ƙauyukan Nijar da Cadi. Sau da yawa matuƙi ɗaya ne a ciki, babu abokin aiki da zai ce masa gudunka ya ragu.

Amurka ta fi kowace ƙasa yawan ƙananan jirage, kuma ita ta fi ƙididdige haɗurransu. Hukumar binciken haɗurra ta ƙasar, NTSB, ta gano cewa tsakanin 2008 da 2014 kusan rabin haɗurran ƙananan jirage masu fiffike da aka rasa rai a cikinsu, jirgin ne ya kuɓuce wa matuƙi yana sama, kuma waɗanda suka mutu ta haka sun haura mutum 1,000. A 2015 hukumar ta sa matsalar cikin jerin abubuwan da take neman a magance da gaggawa. Rahoton shekara-shekara na AOPA, ƙungiyar masu jirage da matuƙa ta can, shi ma kullum abu guda yake nunawa: cikin haɗurran da matuƙi ne sanadinsu, na lokacin sauka sun fi kowanne yawa. Haɗurran iri biyu ne. Akwai na kan titi, inda jirgi ke tsalle ko ya kauce ya faɗa ciyawa. Waɗannan suna da yawa, amma galibi ƙarfe ne ke lalacewa, mutane su fito da ƙafarsu. Akwai kuma na sama, dab da fili, inda jirgi ke kifewa ya faɗo da ka. Ba su kai na farko yawa ba, sai dai da wuya a fitar da mai rai.

Iskar da ke bi ta kan fiffike ita ke riƙe jirgi a sama. Muddin fiffiken na tarar iskar da 'yar ƙaramar kusurwa, tana bin bayansa sumul tana ɗaga shi. Da zarar kusurwar ta wuce iyaka, wajen digiri 15 zuwa 18 a yawancin ƙananan jirage, sai iskar ta ɓalle daga bayan fiffiken ta hargitse, ɗagawa ta yanke, hanci ya faɗi. Wannan shi ne sitol, kuma yana iya faruwa inji na ruri da dukan ƙarfinsa. Ɗalibi yakan haddace lambar da ke cikin littafin jirgi, ya ce nawa yana sitol a gudu kaza, ya saki jiki. Wannan lamba ta jirgin da fukafukansa ke daidai ce. Da ya jirkice don shan kwana, lissafin ya canza. Jirgin da ke sitol a not 50 (not shi ne ma'aunin gudun jirgi) yana miƙe, in ya jirkice digiri 30 matuƙi na riƙe da hancinsa kada ya sauka, zai yi sitol a wajen not 54. A digiri 45, kusan not 60. A digiri 60 nauyin da fiffike ke ɗauka ya ninka, sitol ya koma not 71. To, mai gangarowa a not 65 da ya karya kwana mai tsanani haka, ya riga ya faɗa ramin alhali agogon gudu na nuna masa lambar da ya saba gani kullum.

Ga yadda abin yakan kasance, kuma kusan kullum zubinsa ɗaya ne. Ƙaramin jirgi yakan zagaya fili a tsayin ƙafa 1,000, ya bi gefen titi, ya sha kwana ya tsallako, sannan ya sha kwanar ƙarshe ya fuskanci titin. Wannan kwanar ƙarshe ana shan ta ne a ƙafa 500 ko ƙasa da haka. A ce a tsallakowar nan iska na bayan jirgin tana tura shi. Kafin matuƙi ya farga ya zarce layin tsakiyar titi. An koya masa kada ya jirkice da yawa kusa da ƙasa, don haka sai ya bar sitiyari ya taka feda, yana son ya jawo hancin jirgin zuwa titi da ƙafa. Fedar ta sa fiffiken waje ya ƙara gudu ya ɗaga, jirgin ya ƙara jirkicewa. Sai ya murɗa sitiyari ɗaya gefen don ya hana. Hanci ya fara sunkuyawa, ƙasa ta taso masa, ya ja sitiyari baya. A nan aka gama. Fiffiken ciki, wanda ke ƙasa, shi ke fara sakin iska, jirgin ya mirgina ta wannan gefen ya shiga juyi kamar katantanwa. Ƙwararren da ya san abin da yake yi yana buƙatar kusan ƙafa 1,000 kafin ya fitar da ƙaramin jirgi daga wannan juyi ya daidaita shi. Wanda ke ƙafa 400 ba shi da su.

Kowane mataki a cikin wannan labari ƙaramin gyara ne, kuma kowanne yana kama da hankali a lokacin da ake yin sa. Kuskuren gaskiya tun a farko aka yi shi, lokacin da matuƙi ya ga ya zarce titi ya ce bari in gyara. Ba a gyara wannan. A daidaita fukafukai, a ba da totur, a wuce, a sake zagayowa. A zagayen fili kada jirkicewa ta haura digiri 30, kuma 'yar ƙwallon da ke nuna daidaituwar feda da sitiyari ta tsaya a tsakiya. In ɗan hon ɗin gargaɗin sitol ya yi kuka, abin farko shi ne a tura sitiyari gaba a sauke hanci. Jiki zai ƙi, domin ƙasa na kusa kuma zuciya na cewa a ja. Sai an maimaita abin a sama tare da malami har hannu ya saba kafin ya yi biyayya ranar da ake bukata. Tun 2014 hukumar jiragen sama ta Amurka ta sauƙaƙa ƙa'idar sanya 'yar na'urar da ke nuna kusurwar fiffike kai tsaye a ƙananan jirage, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba in an kwatanta da kuɗin jirgin. Makarantunmu da masu jirage su nemi izinin hukumar kula da jiragen sama ta ƙasa, NCAA, su sa ta.

Kada wani ya ce wannan ciwon 'yan koyo ne. Ranar 25 ga Oktoba 2002 jirgi ƙirar King Air ɗauke da Sanata Paul Wellstone na jihar Minnesota ya faɗi yana shirin sauka a garin Eveleth, kwanaki kaɗan kafin zaɓe. Mutum takwas ne a ciki, har da matarsa da 'yarsa, babu wanda ya tsira. Matuƙa biyu ne a gaba, dukansu masu lasisin aikin haya. Bincike ya nuna hankalinsu ya tafi wajen neman hanyar fili cikin gajimare, gudun jirgin ya yi ta raguwa ba wanda ya lura, har ya yi sitol a tsayin da ba ya gyaruwa. A Mayun 2017 kuma wani ƙaramin jet ƙirar Learjet ya makara wajen fara kwanar da za ta kai shi titi a filin Teterboro kusa da birnin New York. Maimakon su fasa, matuƙan suka karya kwanar da ƙarfi a ƙasa-ƙasa, jirgin ya kife a kan gine-gine, su biyun suka mutu.

Haɗurran kan titi kuwa mafi yawansu daga gudu suke farawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce a gangaro da gudun da ya ninka na sitol sau 1.3, wanda a Cessna 172 mai buɗaɗɗen filaf (ɓangaren bayan fiffike da ake saukewa lokacin sauka) yakan kama not 60 zuwa 70, wato kimanin kilomita 110 zuwa 130 a awa. In iska na kaɗawa tana tsayawa, a ƙara rabin bambancin da ke tsakanin ƙarfinta da lafawarta, kada a wuce haka. Mai tsoron sitol yakan ƙara not 10 ko 15 don ransa ya kwanta, sai jirgin ya ƙi zama, ya yi ta shawagi a kan titi, titin na ƙarewa. Ganin haka sai ya danna hanci ƙasa da ƙarfin tsiya. Tayar gaba ta fara dukan kwalta, jirgin ya yi tsalle, ya sake dannawa, ya sake tsalle fiye da na farko, a na uku ko na huɗu ƙafar gaba ta karye farfela ta sari ƙasa. Tsalle ɗaya ƙarami ana iya lallaɓa shi da ɗan totur. In ya yi girma, ko ya zo na biyu, a tashi.

Sai iskar gefe. Littafin Cessna 172 ya ce mafi ƙarfin iskar gefe da aka gwada jirgin da ita not 15 ce, kuma ƙwararren matuƙin kamfani ne ya yi gwajin. Ɗalibin da ya samu lasisi jiya ya yanka wa kansa iyaka ƙasa da haka sosai, ya rubuta ta, kada ya ɗaga ta yana sama. Da yawa kuma suna sakin sitiyari da zarar taya ta taɓa ƙasa, suna ganin aiki ya ƙare. A nan ne iska ke shiga ƙarƙashin fiffike ta ɗaga shi, ko ta juya hancin jirgin ta fitar da shi daga titi. Yayin da gudu ke raguwa ƙara murɗa sitiyari ake yi wajen da iskar ke fitowa, har sai jirgi ya tsaya cik. Mai jirgin da ƙaramar tayarsa ke wutsiya, irin na feshi, ya fi kowa sanin wannan. Sauka da iska a baya kuwa, don kawai kada a zagaya ɗaya bakin titin, ganganci ne: littafin jirgin nan ya ce kowane not 2 na iskar baya yana ƙara kashi 10 cikin 100 na tsawon titin da ake bukata.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wa duk wannan nauyi, kuma littattafan da ake koyo da su an rubuta su ne a ƙasashe masu sanyi. Iska mai zafi ba ta da kauri. Filin jirgin Kano yana kan tudun da ya ɗan haura ƙafa 1,500, amma ranar da zafi ya kai digiri 40 a watan Afrilu, fiffike da inji da farfela suna aiki ne kamar suna kusan ƙafa 5,000. A Jos, inda filin ya haura ƙafa 4,000, rana mai digiri 30 tana mai da shi wajen ƙafa 7,000. Agogon gudu zai nuna lambar da aka saba, amma a kan ƙasa jirgin ya fi gudu da kusan kashi 10 cikin 100. Matuƙin da ya amince da idonsa zai ga ƙasa na wucewa da sauri, ya ɗaga hanci don ya rage, ya matsa kusa da sitol. A amince da agogo. Sannan a sani cewa in an fasa sauka a irin wannan rana, jirgi zai hau sama a kasale, musamman in an cika shi da mutane da kaya.

Hazon hunturu kuma yaudara gare shi. Daga sama, in ka duba ƙasa tsaye, kana ganin gari da hanyoyi sarai. Da ka gangaro ka fara duban gaba ta cikin ƙurar, titin ya ɓace, iyakar sama da ƙasa ta ɓace, barin ma in rana ta yi yamma tana dukan gilashi. Dokar tuƙi da ido tana neman a iya hangen kilomita 5, kuma a watannin Disamba da Janairu akwai ranakun da Kano da Maiduguri da Damagaram ba sa samun ko rabin haka. Wanda ba shi da shaidar tuƙi da na'ura ya karɓi rahoton hukumar hasashen yanayi, NiMet, na inda za shi kafin ya tada inji, in bai kai ba ya zauna. A bazara guguwa kan tashi a kan busasshen fili da tsakar rana ba sallama, kuma in ta bi ta kan kwalta inda babu ƙura ba a ma ganin ta. Hadarin farkon damina ya fi su duka. Iskar da ke gabansa takan riga ruwan isowa da nisa, ta juya alkibla cikin daƙiƙu. Irin wannan iska ce ta kayar da Boeing 737 na kamfanin ADC jim kaɗan bayan tashinsa daga Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, haɗarin da Sarkin Musulmi Muhammadu Macciɗo ya rasu a ciki, Allah ya jiƙansa. Abin da ya fi ƙarfin 737, me zai yi wa jirgin mutum huɗu? Ba a tsere da hadari zuwa fili. A juya a nufi wani, kuma a tashi da isasshen man da zai ba da damar yin haka.

A manyan filaye akwai wata iskar da jirage ke haifarwa da kansu. Kowane babban jirgi yana barin igiyoyin iska biyu masu murɗawa a bayan fukafukansa, suna nutsewa ƙasa a hankali, kuma suna iya kifar da ƙaramin jirgi gaba ɗaya. Ƙa'idar duniya ta ce ƙaramin jirgi ya bar minti uku a bayan babba ko matsakaici kafin ya sauka. A lokacin jigilar alhazai, sa'ad da manyan jirage ke sauka a filayen da ba su saba ganin su ba, a kiyaye wannan sosai: a bi ta saman hanyar da babban ya bi, a sauka gaba da inda tayoyinsa suka taɓa.

Maganin kusan duk abin da aka lissafa guda ne, kuma kyauta ne. Matuƙi ya sa wa kansa ƙofa a tsayin ƙafa 300 zuwa 500. In ya iso nan yana kan layin titi, gudunsa daidai, gangararsa daidai, filaf a inda ya dace, ya ci gaba. In ɗaya daga ciki ya kauce, ya fasa, ba tare da shawara da zuciyarsa ba. Faɗar haka da sauƙi. Binciken da gidauniyar Flight Safety Foundation ta fitar a 2017 ya nuna ko a manyan jiragen fasinja, inda ƙa'idar kamfanoni ta wajabta fasawa, kusan kashi 3 cikin 100 ne kawai na saukar da ba ta daidaita ba ake fasawa. Sauran duk a daure ake yi a ƙarasa, kuma da yake yawanci ana sha da ƙyar, sai mutum ya ɗauka gwaninta ce.

Amma fasawar ita ma aiki ce da ake koya, kuma wanda bai iya ta ba tana iya kashe shi. Ranar 9 ga Yunin 2016 wata mata ta tuƙo jirgi ƙirar Cirrus SR20 daga Oklahoma zuwa filin Hobby na birnin Houston, tare da mutum biyu 'yan gidansu. Filin cike yake da manyan jirage. Hasumiya ta sa ta fasa saukar farko don wani 737 na biye da ita, aka sauya mata titi, ta zo ta yi sama da yawa, aka sake zagayawa, aka yi ta ba ta umarni iri-iri. A fasawar ƙarshe, tana cikin shan kwana hagu, ta janye filaf a not 62 alhali littafin jirgin ya ce a bari sai gudu ya haura not 80. Jirgin ya yi sitol ya faɗo a kan wata mota da ke ajiye a gaban shago, su ukun suka mutu. Masu bincike sun ɗora laifin farko a kan yadda ta yi fasawar, amma sun ambaci hasumiya ma: an bar ta tana zagaye tsakanin manyan jirage maimakon a fitar da ita a sake jero ta a tsanake, kuma an yi mata dogon bayani a daidai lokacin da hannunta ya fi cika.

Tsarin fasawa bai canza ba. Totur gaba ɗaya, a hankali amma ba ɗari-ɗari. Ƙafar dama a kan feda, domin farfela za ta ja hanci hagu. A danne sitiyari, domin jirgin da aka saita don sauka zai so ya ɗaga hanci fiye da kima da zarar ƙarfi ya shigo. Filaf a janye shi mataki-mataki, kowane mataki sai gudu ya kai. Ba a shan kwana sai an yi sama. Rediyo shi ne na ƙarshe. Hasumiya za ta jira. Ku ma'aikatan hasumiya, in kun ji muryar ɗalibi ta fara rawa, ku rage magana ku ba shi sarari. Kai kuma matuƙi, in an ce ka matse kwana ko ka yi sauri don wani na bayanka, kana da ikon cewa ba zan iya ba, kuma ba wanda zai ƙwace maka lasisi don ka faɗi haka. Malamai su daina barin fasawa ta zama abin da ake gwadawa sau biyu dab da jarrabawa. A riƙa sa ɗalibi yin ta ba zato, daga ƙafa 200, daga dab da ƙasa, bayan tsalle, da cikakken filaf, a ranar zafi. Wanda kuma ya yi kwana 90 bai yi tashi da sauka uku ba, doka ta hana shi ɗaukar fasinja, kuma ko da ya cika ukun, in ya daɗe bai haɗu da iskar gefe ba ya nemi malami. A ƙara da barci isasshe, da ruwan sha, da nisantar maganin mura mai sa gyangyaɗi, wanda ake yawan sha a hunturu.

Jama'ar da ke maƙwabtaka da filaye, ku ma da naku. Titin jirgi ba burtali ba ne, ba hanyar yanke ta masu babur ba ce, ba wurin shanya ba ne, ko da an yi wata guda jirgi bai sauka ba. A 2005 jirgin Air France ya afka cikin garken shanu a kan titin filin Fatakwal. Shi babba ne ya sha. Ƙarami in ya yi ƙoƙarin kauce wa saniya ko yaro a daƙiƙar ƙarshe, kifewa zai yi. In haɗari ya auku, a kira 112, a kashe sigari, a hana taruwa. Man da yawancin jirage masu farfela ke sha ɗan'uwan fetur ne wajen kama wuta, kuma ba mu manta abin da ɗibar mai ya jawo a Majiya ta jihar Jigawa a 2024 ba. Wasu ƙananan jirage suna ɗauke da lema mai harbawa da roka, wadda in ba ta tashi ba tana iya tashi a fuskar mai taɓa tarkace. Kada a ja wanda ya ji rauni sai in wuta na barazana, saboda ƙashin wuya da na baya. Kada a ɗauki ko ƙusa, domin da waɗannan tarkace ne hukumar binciken haɗurra ta ƙasa, NSIB, ke gano abin da ya faru. A kuma ji tsoron Allah a bar ɗaukar hoton gawa ana yaɗawa.

Saura abin da ya fi damuna, wanda babu shi a littafin kowane jirgi. Mu mutane ne masu kunya da girmama na gaba. Yaro ba ya ce wa babba a'a kai tsaye, kuma wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure. A cikin jirgi tana kisa. Ɗalibi yana jin nauyin abokansa da ke kallo daga bakin hanga, kada a ce ya kasa sauka. Ƙaramin matuƙi yana ganin kyaftin ya yi ƙasa da yawa, ya yi shiru don kada a ce ya yi rashin kunya. Kyaftin kuma yana jin numfashin mai gida a bayansa, an tara jama'a a fili, makaɗa na jira, ana cewa ai ga garin nan muna gani, mu sauka mana. Dokar jiragen sama ta duniya ta ba matuƙi hukuncin ƙarshe a kan jirginsa, sama da mai jirgin, sama da gwamna. Amma doka ba ta biyan albashi, kuma matuƙin da ya san za a sallame shi in ya juya zai gwada sa'arsa. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Masu cewa in kwana ya ƙare ba makawa, gaskiya suka faɗa, sai dai an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali.

Muna da namu darasin a gida. Ranar 25 ga Oktoba 2012 Gwamnan Taraba na lokacin, marigayi Danbaba Suntai, ya tuƙo Cessna Caravan da kansa daga Jalingo, jirgin ya faɗi kafin ya kai filin Yola. Rahoton hukumar bincike ya ce ba shi da shaidar tuƙa irin wannan jirgi, ba shi da ta tuƙi da na'ura, kuma tafiyar da aka tsara a yi da ido ta kai bayan faɗuwar rana. Ya ji rauni a ka, ya yi doguwar jinya a Jamus da Amurka, bai koma aiki yadda yake ba har ya rasu a 2017. Ba don a ci zarafin mamaci aka kawo wannan ba. Tambayar ita ce, a duk waɗanda ke wurin ranar, daga masu kula da jirgin har muƙarraban da suka hau tare da shi, wa ke da bakin da zai ce ranka ya daɗe, yau ba za a tashi ba?

Don haka makarantu da kamfanonin haya su rubuta a fili cewa ba za a tuhumi kowa ba, ba za a caje shi kuɗin mai ba, don ya fasa sauka ko ya karkata zuwa wani fili. Malami ya yaba wa ɗalibin da ya fasa a gaban sauran. Kai kuma mai hawa, ko kai ka sayi jirgin da kuɗinka, ka yi shiru daga lokacin da aka fara gangarowa har inji ya tsaya. Kafin a rufe ƙofa kuma ka gaya wa matuƙinka da bakinka cewa in saukar ba ta yi masa ba ya fasa, in ta kama ya mai da ku inda kuka fito, kuma aikinsa na nan.